Yadda ido ke ruɗuwa, da yadda za ka gwada shi da takarda da bik

Duk wanda ya bi hanyar Tahoua zuwa Abalak da tsakar rana a lokacin bazara ya ga ruwa kwance a kan kwalta yana ƙyalli, mota na matsowa yana ja da baya. Kawalwalniya ke nan, wadda Alƙur'ani ya buga misali da ita a Suratun Nur. Mutane kan sa ta a sahun gaba idan ana lissafin yadda ido ke yaudarar mai shi, alhali a nan ido bai yi kuskure ba. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta samanta zafi da rashin nauyi, sai hasken da ke saukowa daga sararin sama ya tanƙwara a cikinta ya taso zuwa ido. Sama ce kake gani shimfiɗe a ƙasa. Ɗauki hoto da salula, "ruwan" zai fito a hoton, domin hasken da gaske daga can ya zo.

Akwai kuma ruɗi iri na biyu, wanda haske ke shiga ido lafiya lau, amma abin da mutum ya gani ya saɓa wa awo. Shi ne abin da wannan jagora ta fi mayar da hankali a kai, don shi ke tona yadda gani ke aiki. Ido tattara haske yake yi ya aika saƙo. Ƙwaƙwalwa ce ke gina hoton, kuma da kintace take ginawa, bisa abin da ta saba tararwa tun ƙuruciya. Kusan kullum kintacen yakan dace, shi ya sa ba mu san ana yin sa ba. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekaru 1000 da suka wuce, ya riga ya bayyana cewa gani ya haɗa da hukuncin da hankali ke yankewa cikin sauri ba tare da mutum ya lura ba.

Kayan da ake buƙata suna cikin jakar kowane ɗan lakkol: kaye mai manyan murabba'ai, farar takarda marar layi, baƙin bik, fensir, regil mai santimita, almakashi, guntun kwali, da sulalla biyu na dala ashirin. A yi gwajin a inuwa mai haske, kamar ƙarƙashin rumfa da hantsi. Mai tabarau ya bar su a idonsa. Kada a taɓa yin ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da kallon rana, domin tana ƙone bayan ido ba tare da an ji zafi ba, kuma tabon kan zauna.

Gurbin da ba ya gani

Fara da wannan, don shi ya fi girgiza mutum. A bayan ido akwai wani siririn tantani mai ɗauke da ƙwayoyin da ke jin haske, kusan miliyan 100 a kowane ido. Saƙonsu na taruwa ya fita ta jijiyar gani, mai zare kusan miliyan ɗaya. A daidai inda jijiyar ta huda tantanin ta fita babu ƙwayar jin haske ko ɗaya. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya nuna wannan a shekarun 1660.

A kan farar takarda zana ƙaramar alamar + a hagu, da baƙin ɗigo mai faɗin santimita 1 a dama, tsakaninsu santimita 8. In a kaye ne, kowane babban murabba'i milimita 8 ne, don haka murabba'i goma ke nan. Rufe idon hagu da tafin hannu. Riƙe takardar iya tsawon hannu, alamar + tana saitin idonka na dama, ka kafa mata ido. Jawo takardar a hankali. Wajen santimita 30 daga fuska ɗigon zai ɓace ɓat. Ƙara matso da ita, ya dawo.

Idan bai ɓace ba, ɗaya daga cikin abu uku ne. Ko dai idon yana zamewa ya leƙi ɗigon, wanda shi ne kuskuren da aka fi yi, ko takardar ta karkace, ko an rufe idon da bai dace ba. Mai gwadawa da idon hagu sai ya juya tsarin, + a dama, ɗigo a hagu.

Yanzu ga inda darasin yake. Lokacin da ɗigon ya ɓace, me ka gani a gurbinsa? Ba rami ba, ba duhu ba, farar takarda ka gani. Maimaita a kan takarda mai launi, gurbin zai cika da wannan launin. Sa'an nan ja layi mai kauri daga sama zuwa ƙasa a inda ɗigon yake, ka bar giɓin santimita 1 a tsakiyarsa. Da giɓin ya faɗa gurbin, layin zai haɗe ya zama ɗaya. Ƙwaƙwalwa ta dubi abin da ke kewaye ta cike wurin da shi, bai kuwa zo daga ido ba. Gurbin ba ƙarami ba ne. Tsayar da abokinka jikin bango, nisan mita 3 daga gare ka, sa alama a bangon santimita 80 daga kansa ta hagunka, rufe idon hagu ka kalli alamar, ka ɗan matsa gaba ko baya. Kansa zai ɓace, kafaɗu su rage. Ba mu lura da shi a yau da kullum saboda ido ɗaya na rufa wa ɗaya asiri, kuma idanu ba sa zama wuri guda.

Tsawo da girma

Ja layi biyu a kwance, kowane santimita 6, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya da tazarar santimita 4. Na sama yi masa kan kibiya a kowane ƙarshe, fiffiken na komawa ciki. Na ƙasa yi masa baki irin na gwafa, rassan na buɗewa waje. Kowane reshe santimita 1 da rabi. Mai gwafa zai fi tsawo a ido. Franz Müller-Lyer ya wallafa wannan zane a 1889. Abin lura shi ne, kai da ka auna layukan da hannunka ma haka za ka gani. Sanin gaskiya ba ya gyara ganin, kuma wannan na nuna cewa ana yanke hukuncin ne tun kafin tunani ya sa baki.

Bayanin da ya fi shahara ya danganta shi da kusurwoyin gini. Kusurwar cikin ɗaki, inda bango biyu suka haɗu da rufi da ƙasa, tana kama da mai gwafa, kuma ita ce wuri mafi nisa daga mai kallo. Kusurwar wajen gini tana kama da mai kan kibiya, ita ce mafi kusa. Abin da aka ɗauka yana nesa amma hotonsa bai ragu ba, dole ƙwaƙwalwa ta ce babba ne. A shekarun 1960 wasu masu bincike uku, Segall, Campbell da Herskovits, sun gwada zanen a kan al'ummomi da dama, har da na Afirka, suka tarar ya fi ruɗar mutanen Amurka fiye da waɗanda suka tashi inda gine-gine masu kusurwa ba su da yawa. Masana na ta jayayya kan dalilin bambancin, amma tambayar ta dace da ƙasar Adar, inda yaro ɗaya ya tashi tsakanin rumbuna da bukkoki masu zagaye, wani kuma cikin ɗakunan siminti a gari. Malamin da ke da aji mai haɗe da su biyun yana da abin gwadawa a hannu.

In ana son lamba, ga hanya mai sauƙi. Ja layin kwance na santimita 10, ka sa ɗigo a tsakiyarsa. Miƙa wa mutum fensir, ba regil, ka ce ya ja layi tsaye daga ɗigon zuwa sama har ya yi daidai da na kwancen. Auna. Galibi sukan tsaya kafin su kai 10, saboda layin tsaye yakan fi tsawo a ido, layin da aka raba biyu kuma yakan fi gajarta. Kowa ya yi nasa a takarda dabam ba tare da ya ga na wani ba, kuma kada a faɗa masa abin da ake nema, in ba haka ba zai ƙara tsawon da gangan ya ɓata awon.

Sulallan kuwa, ajiye su a takarda da tazarar santimita 12. Kewaye ɗaya da manyan da'irori biyar, kowace ta ninka shi faɗi. Kewaye ɗayan da ƙanana takwas kamar ƙwayar wake, dab da bakinsa. Na tsakiyar ƙananan zai fi girma a ido. Musanya musu wuri, girman ya bi wurin. Dalilin da ya sa tuwo ɗaya ke cika ido a ƙaramin kwano ya kuma yi kamar kaɗan a babban faranti ke nan.

Launi ba ya tsayawa shi kaɗai

Shafe wani sashe na takarda da fensir har ya yi ruwan toka bai ɗaya, ka murza da yatsa, ka yanko murabba'i biyu na santimita 2 daga wuri guda. Ɗora ɗaya a kan baƙin ƙyalle, ɗaya a kan fari, kusa da juna. Na kan baƙin zai fi haske. Yanko siririn tsiri daga tokar nan ka haɗa su biyun kamar gada, bambancin zai ragu sosai. Ido ba ya auna yawan haske kai tsaye, bambanci tsakanin abu da maƙwabcinsa yake aunawa. Amfanin hakan babba ne: farar riga fara ce da azahar, fara ce da magariba, duk da hasken da ke tashi daga jikinta ya ragu ninki ba adadi.

Michel-Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris, ya ci karo da wannan lokacin da ake kawo ƙorafin cewa baƙin zarensu ba ya da ƙarfi. Ya bincika ya tarar rinin lafiya yake, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne ke sauya shi a ido. Ya wallafa bayaninsa a 1839. Tela da mai rini da mai sayen atamfa su riƙe wannan: a gwada zaren aiki a kan yadin da za a ɗinka shi, ba a tafin hannu ba, kuma a fito da yadi bakin shago a duba shi da hasken rana. Ƙwaƙwalwa na ƙoƙarin cire launin fitila kafin ta yanke launin abu, kuma mutum biyu na iya cirewa dabam. Hoton rigar nan da ya zagaye intanet a 2015, wasu na rantsuwa shuɗiya ce da baƙi, wasu fara da ruwan zinariya, daga nan rigimarsa ta fito. Rigar shuɗiya ce da baƙi.

Gwaji na gaba ya haɗa launi da girma, kuma ya cancanci a ba shi lokaci. Yanko da'ira mai faɗin santimita 4 daga takarda mai ruwan lemu mai ƙarfi, irin na tsakiyar tutar Nijar. Manna ta a farar takarda, ka sa ƙaramin baƙin ɗigo a tsakiyarta. Riƙe ta santimita 30 daga fuska, kafa ido kan ɗigon daƙiƙa 30. Ƙiftawa ba laifi, motsa ido ne ke ɓatawa. Sai ka mayar da ido kan farar takarda marar komai. Bayan daƙiƙa biyu ko uku da'ira mai shuɗi-shuɗi za ta bayyana. Da kore aka yi, ruwan hoda za a gani. Ƙwayoyin da ke gane launi iri uku ne, kowane da ɓangaren hasken da ya fi ji. Waɗanda ruwan lemun ya daɗe yana bugu sun rage kuzari na ɗan lokaci, don haka da farin haske ya zo, wanda ya ƙunshi dukan launuka, sauran suka rinjaye su.

Sake yi, amma wannan karon kalli farin bango mai nisan mita 3. Da'irar za ta zama ƙatuwa, wajen santimita 40, kamar faifai. Dawo da ido kan takardar da ke hannunka, ta koma ƙarama. Tabon da ke bayan idonka bai ƙaru ba bai ragu ba. Nisan da ƙwaƙwalwa ta ba shi ne ya ninka sau goma, sai ta ninka girman sau goma. Emil Emmert ya bayyana wannan ƙa'ida a 1881. Wanda ya ga haka da idonsa ya gane cewa girman da muke gani lissafi ne na girman hoto a ido haɗe da nisan da aka kintata, kuma in nisan ya kuskure, girman ma ya kuskure.

Rami ko tudu

Da sassafe ko da la'asar sakaliya, taka yashi mai laushi ka ɗauki hoton sawun daga sama kai tsaye, kana fuskantar inda rana take. Dubi hoton, sa'an nan ka kulle juyawar allon salula ka kifa ta, sama ta koma ƙasa. Ramin sawun zai kumbura ya zama tudu a idon mutane da yawa. Ƙwaƙwalwa ta saba haske daga sama yake zuwa, don haka da inuwa take gane rami da tudu. Da tsakar rana gwajin ba ya yi, inuwar ta yi kaɗan.

Watan daren sha huɗu

Yana fitowa daga gabas da faɗuwar rana ƙato, kamar ya zauna bisa itatuwa, can tsakar dare kuma ya tsuke. Auna shi. Miƙe hannu iya tsawonsa da regil, rufe ido ɗaya, karanta faɗin watan. Wajen milimita 5 ne, ƙwayar gyaɗa ma ta rufe shi. Bayan awa huɗu sake aunawa da hannu a miƙe kamar farko, domin lanƙwasa gwiwar hannu ke ɓata sakamako. Awon ɗaya ne. Hasali ma a gefen sama ya ɗan fi nisa da kai, da kimanin kilomita 6,400 daga cikin kusan 384,000. Naɗe takarda ta zama bututu ka leƙe shi ta ciki yadda ba ka ganin itace ko gini, nan take zai ragu. Bayani mafi daɗewa, wanda ake dangantawa da Ibn al-Haytham, shi ne filin da ke shimfiɗe tsakaninka da gefen sama yana sa wurin ya yi nisa a hankalinka, sai lissafin da'irar bango ya maimaita kansa.

Bututun yana hannunka, ɗora shi a idon dama, ka buɗe tafin hannun hagu jikin bututun, santimita 15 daga fuska, idanu biyu a buɗe suna kallon nesa. Rami zai bayyana a tafinka. Hoto biyu mabambanta sun zo, an haɗe su ɗaya.

Gwajin ruɗin motsi shi ne mafi sauƙi. Da damina, tsaya a gefen korama nesa da gaɓa, ka kafa ido kan dutse ko kara da ke tsaye cikin ruwan da ke gudu, minti ɗaya. Ka dubi ƙasa busasshiya, za ta yi kamar tana tafiya baya. Robert Addams ya rubuta labarin irin wannan a 1834 bayan ya kalli wata magangarar ruwa a Scotland.

A kan hanya

Nan ne kintacen ƙwaƙwalwa ke cin rai. Babbar mota takan yi kamar tana tafe a hankali fiye da ƙarama ko da gudunsu ɗaya, kuma abin da ya nufo ka kai tsaye hotonsa ba ya girma sosai sai ya kusa, sa'an nan ya cika ido a lokaci guda. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa, mita 100 a daƙiƙa huɗu. Mai tsallaka kwalta da kaya a ka, ko mai kora dabbobi, ya bar kamiyo ya wuce tukuna. Ƙurar hunturu kuma na dusashe abu, ƙwaƙwalwa kuwa ta saba abin da ya dusashe yana nesa, sai motar da ke gaba ta yi kamar ta fi nisa fiye da yadda take. Direba ya ƙidaya: motar gaba ta wuce wata alama, kamar itace ko dutsen kilomita, ya ƙirga daƙiƙa har shi ma ya iso. Kada su gaza uku, cikin ƙura a ninka. Da dare fitila ɗaya ba lallai moto ba ce, tana iya zama mota mai mataccen ido guda, kuma ba ka san ta wane gefe sauran jikinta yake ba. A ba ta wuri kamar mota.

Wanda ba ruɗi ba ne

Duk abubuwan da aka lissafa a sama lafiyayyen ido ne ke yin su, kuma suna gushewa da an sauya yanayi. Akwai waɗanda alamar ciwo ne. Walƙiya a gefen ido ba tare da hadari ba, ko ɗigogi baƙaƙe masu yawo da suka yawaita farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule da ke rufowa daga gefe, suna iya nuna tantanin bayan ido ya yage ko yana ɓanɓarewa, kuma wannan na son likitan ido a ranar. Ganin abu biyu-biyu da ya zo kwatsam, ko ɓacewar rabin abin da ake kallo, shi ma asibiti ne ba jira.

Cike giɓin nan da ka gani a gwajin farko yana da illa a nan. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilokoma, yana cin gani daga gefe a hankali, ƙwaƙwalwa na cike wurin, ɗaya idon na rufawa, mutum bai sani ba sai ɓarnar ta yi nisa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya haura shekara 40, ko mai ciwon sukari, ko wanda ciwon ke cikin danginsa, ya je a auna masa ido ko ba ya jin komai. A gida kuma, sau ɗaya a wata, buɗe shafin kaye mai murabba'ai, sa ɗigo a tsakiya, riƙe shi santimita 30 daga fuska, rufe ido ɗaya ka kalli ɗigon, sa'an nan ka sauya ido. Idan layukan sun lanƙwashe, ko wani wuri kusa da ɗigon ya dusashe ko ya ɓace a ido guda, ɗauki shafin ka zagaye wurin da bik, ka tafi da shi wurin likita.